Kaburburan da Aka Tono a Hayin Kangon Tintagel

A kusurwar kudu maso yammacin Ingila, a yankin Cornwall, akwai wani ƙaton dutse da ya kutsa cikin teku har ya kusa rabuwa da ƙasa. Ɗan siririn wuya ne kawai ke riƙe da shi, shi ya sa mutanen wurin suke ce masa tsibiri ko da yake bai gama zama tsibiri ba. A kansa, da kuma a hayin da ke fuskantarsa, akwai kangon wata fada mai ganuwa da ake kira Tintagel. Dubban mutane ke zuwa kallon wannan kango duk shekara, kuma yawancinsu sunan mutum ɗaya ne ke jawo su: Sarki Arthur, gwarzon tatsuniyoyin Turawa, mai takobi da barade da bokansa. Masu binciken tarihi kuwa wani wuri dabam ya fi ɗauke musu hankali, wato maƙabartar wani tsohon coci da ke tafiyar 'yan mintoci daga kangon, inda a shekarun 1990 da 1991 aka tono kaburburan da suka girmi ganuwar da shekara ɗari bakwai.

Yadda sunan Arthur ya manne wa wurin sananne ne. Wajen shekarar 1138 wani malamin coci, Geoffrey na Monmouth, ya rubuta littafi da Latin a kan sarakunan Birtaniya. Tarihi ya kira shi, amma ƙagen da ke cikinsa ya rinjayi gaskiyar. A ciki ne ya ce a Tintagel aka ɗauki cikin Arthur, bayan boka Merlin ya sauya wa Sarki Uther kama ya koma siffar mijin matar da yake so. Littafin ya yi farin jini ƙwarai, aka yi ta kwafarsa ana juya shi zuwa wasu harsuna, har labarin ya zama abin hira a fadojin Turai.

Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1233, Richard, ƙanin Sarki Henry na Uku kuma mai riƙe da sarautar Cornwall, ya ba da gandaye uku sukutum ya karɓi wannan dutse. A ido, cinikin asara ne. Wurin ba ya kan hanyar fatake, ba ya iyaka da abokan gaba, ba ya noma, kuma ganuwar da ya gina ba ta da kaurin da za ta jure yaƙi. Masana sun fi karkata ga cewa suna ya saya: yana so mutanen Cornwall, waɗanda ke da harshensu da alfaharinsu, su gan shi a zaune inda tatsuniya ta ajiye manyan sarakunansu. Fadar ba ta yi ƙarko ba. A 1337, da aka ƙidaya kadarorin sarautar, babban zauren ba shi da rufi. Teku ya yi ta cin wuyan dutsen, wani sashe na ginin ya rufta, wurin ya koma makiyayar tumaki. Sai a ƙarni na 19, da mawaƙa irin su Tennyson suka sake tayar da labarin Arthur, baƙi suka fara tururuwa, har ƙauyen da ke kusa, wanda a da ake kira Trevena, ya ari sunan Tintagel ya riƙe.

Haƙa ta ilimi ta fara ne a 1933, a hannun wani masani mai suna Ralegh Radford, wanda ya yi aiki a wurin har zuwa 1939. Bai tarar da komai na Arthur ba. Abin da ya tarar shi ne harsashen wasu ƙananan ɗakuna masu kusurwa huɗu a kan tsibirin, da tsingaro mai ɗimbin yawa na irin tukwanen da ba a yi su a Birtaniya ba. Akwai jajayen akusa masu santsi, akwai kuma manyan tuluna masu hannu biyu da ake zuba giya da man zaitun. Radford ya gane cewa daga ƙasashen Bahar Rum suka fito, kuma na ƙarni na 5 ne da na 6 Miladiyya. Wannan kaɗai babban abu ne, domin a lokacin ana ɗaukar waɗannan ƙarnoni a matsayin zamanin duhu a Birtaniya. Mulkin Rumawa ya janye daga ƙasar wajen shekarar 410, birane suka mutu, kuɗi suka daina yawo, rubutu ya yi ƙaranci. Ga shi kuma a ƙarshen ƙasa, a kan wani dutse da iska ke duka dare da rana, ana cin abinci a akushin da aka ƙera a gaɓar Turkiyya ta yau.

Fassarar da Radford ya yi wa abin da ya gani ita ce wurin gidan sufayen Kirista ne, masu gudun duniya, ƙananan ɗakunan kuma na halwa ne, giyar kuwa ta ibadar coci ce. Shekara arba'in wannan magana tana cikin littattafai da allunan da ake kafa wa baƙi. A shekarun 1970 aka fara yi mata tambayoyi. Babu wani tsohon rubutu da ya ambaci gidan sufaye a Tintagel, alhali coci-coci ba sa wasa da tarihin waliyyansu. Tukwanen sun yi wa masu gudun duniya yawa. Tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa ita ce ta matattu: in har jama'ar ibada ta zauna a nan shekara da shekaru, ina maƙabartarsu? 'Yan ramukan da aka gani a kan tsibirin ba su taka kara sun karya ba.

A 1983 gobara ta tashi a kan tsibirin lokacin fari, ta cinye ciyawa da saiwoyinta a fili mai faɗi. Da toka ta lafa sai ga layukan harsashe sun fito fili, ɗaki bayan ɗaki. Masu awo suka zo suka zana su, lissafin gine-ginen wurin ya haura ɗari. Gani ya kori ji. Wannan ba mazaunin 'yan tsirarun masu halwa ba ne, gari ne guda, mai ƙaton gwalalo da aka haƙa ta ɓangaren tudu don tsaro. Farfesa Charles Thomas, ɗan asalin Cornwall kuma wanda ya fi kowa sanin waɗannan tukwane, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa mazaunin sarakunan Dumnonia ne, masarautar da ta mallaki Cornwall da Devon bayan tafiyar Rumawa. Sai dai tambayar matattu tana nan, kuma shi ne ya juya ya dubi hayi.

Cocin da ke can, mai sunan wata waliyyiya Materiana, an gina shi ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 11 da tsakiyar na 12. Abin da ya daɗe yana ba mutane mamaki shi ne inda aka kafa shi. Yana tsaye shi kaɗai a bakin gaɓa, nesa da gidaje, a inda iska ba ta barin itace ya girma. Ba wanda zai zaɓi irin wannan wuri don sauƙin masu zuwa ibada, sai dai in wurin yana da wata alfarma tun kafin a aza tubalin farko. A cikin cocin akwai wani dutse da aka tsinta a harabarsa a 1889, ɗauke da sunan Licinius, sarkin Rum da ya yi mulki daga 308 zuwa 324. A arewacin harabar kuma akwai wasu 'yan tuddai da ciyawa ta rufe, waɗanda ba su yi kama da kaburburan zamanin baya-bayan nan ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan tuddai, wanda masu binciken suka laƙaba wa harafin C, shi aka buɗe a 1990, aka koma masa a 1991. Jacqueline Nowakowski ta sashen binciken kayan tarihi na Cornwall ce ta jagoranci aikin tare da Charles Thomas, kamfanin mai na Mobil kuma ya ɗauki nauyin kuɗin. Haƙa a maƙabartar da har yau ake binne mutane ba ƙaramin al'amari ba ne, sai da izinin hukumomin coci, kuma fili kaɗan aka yarda a taɓa.

A sama-sama an ci karo da abin da ake tsammani, wato kaburburan ƙarnonin baya da suka yi ta hawa kan juna. Da aka nutsa ƙasa sai aka isa ga na farko. An haƙa ramin, an jera falalen dutse a tsaye a gefe da gefe, an shimfiɗa mamaci, sannan an rufe shi da wasu falalen a kwance kafin a tura ƙasa. Dutsen irin na yankin ne, mai launin toka, wanda ke ɓarewa falle-falle. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabari a ƙasar Hausa ya ga ana jera itace ko fasassun tukwane a kan ƙaramin rami don kada ƙasa ta taɓa gawa, zai gane manufar nan take. Kaburburan sun miƙe daga yamma zuwa gabas, kamar yadda Kiristoci ke yi, kai a yamma, ƙafafu a gabas. Ba a sa wa mamatan takobi ko abin wuya ko tukunya ba, saɓanin yadda maguzawan Saksan da ke gabashin ƙasar suke binne nasu a daidai wannan zamani. A kan wasu falalen an ga alamar gicciye da aka karce da tsinin ƙarfe ko na dutse, ba aikin gwanin sassaƙa ba, aikin hannun wanda ya zo jana'iza.

Ƙasusuwa kuwa babu na kirki. Ƙasar wurin tsami gare ta, ta narkar da su tun tuni. Saboda haka ba a iya cewa ga namiji ga mace, ko ga tsoho ga matashi, balle a auna abin da suka ci ko ciwon da ya kashe su. A wani wurin, da wannan ya kashe aikin. A nan abin da ya cece shi shi ne masu haƙar ba su tsaya ga cikin ramuka ba, sun bi daɓen ƙasar da masu jana'izar suka taka. A kan wannan tsohon daɓe, a tsakanin kaburbura, aka ga gurabun da aka hura wuta, da gawayi, da tsingaron tulunan nan masu hannu biyu, irin waɗanda Radford ya tara a kan tsibirin. Da aka auna shekarun gawayin a ɗakin gwaji sai ya nuna wajejen ƙarni na 5, tulunan kuma suka kai lissafin zuwa na 6. Wato tun kafin haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasu mutane sun tsaya a wannan hayi, sun binne nasu, sun hura wuta a gefen kabari, sun buɗe tulun da ya ƙetaro teku daga Girka ko kudancin Turkiyya.

Ci da sha a bakin kabari al'ada ce da aka sani sarai a duniyar Rumawa ta wancan lokaci, kuma inda ta fi ƙarfi shi ne Afirka ta Arewa. A Tipasa, a gaɓar Aljeriya, har yau ana ganin kaburburan Kiristoci da aka gina musu dakali na musamman don masu zuwa cin abinci. Augustine, babban malamin coci wanda aka haifa a garin da yanzu ake kira Suk Ahras, ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa Monica ta saba kai abinci da ɗan abin sha kaburburan waliyyai, har sai da ta je Milan ta tarar limamin birnin, Ambrose, ya hana. Shi kansa Augustine, wajen shekarar 392, ya rubuta wa limamin Kartaj yana kukan cewa abin ya koma shaye-shaye a maƙabartu. Charles Thomas ya ga alamar irin wannan al'ada a gurabun wutar Tintagel. Hujjar ba ta kai a rantse a kanta ba, domin mutane na iya hura wuta a maƙabarta don dalilai da yawa. Amma in aka haɗa wutar da tulunan da gicciyen da yadda aka shimfiɗa gawarwakin, fassararsa ita ce ta fi zama daidai, kuma tana nuna cewa jiragen da suka kawo giya da mai sun kawo har da yadda ake yin abubuwa.

Su waɗannan jirage, tsingaro ya nuna hanyarsu tiryan-tiryan. Jajayen akusan iri biyu ne: wasu daga Fokaya, kusa da Izmir ta yau, wasu daga yankin Kartaj a Tunisiya. Tulunan kuwa daga tsibiran Girka da kudancin Turkiyya da Kubrus. Mafi yawansu sun iso ne tsakanin wajen 475 da 550. Jirgi zai ratsa Bahar Rum, ya fita ta mashigin da daga baya aka sa wa suna Jabal Ɗariƙ, ya bi gaɓar Fotugal ya yi arewa. A Vigo, a arewa maso yammacin Sifen, an tono irin waɗannan kaya da yawan gaske, abin da ke nuna nan ne babban zango. A Birtaniya an same su a Bantham da ke Devon, da Dinas Powys a Wales, har can Whithorn a Sikotlan. Amma abin da aka tara a Tintagel kaɗai ya fi na sauran wuraren Birtaniya da Ayalan in an haɗa su gaba ɗaya.

Me ya kawo fatake wannan nisan duniya? Amsar da aka fi yarda da ita ita ce kuza. Cornwall na cikin 'yan wuraren da ake samun kuza da yawa a Turai, kuma sai da ita ake haɗa tagulla. Akwai wani labari a tarihin rayuwar Yohanna Mai Sadaka, shugaban cocin Iskandariyya a farkon ƙarni na 7, na wani jirgi da ya tashi daga Masar maƙare da hatsi, ya isa Birtaniya ana yunwa, ya sayar da rabi a kan zinariya, rabi a kan kuza. Labarin karama ne, domin a ƙarshensa kuzar ta rikiɗe ta zama azurfa, amma wanda ya rubuta shi ya san cewa masu sauraronsa a Masar ba za su yi mamakin jin an je Birtaniya sayen kuza ba. Sarkin da ke riƙe da Tintagel, in ya tara kuza daga talakawansa, ya karɓi giya da mai da gilashi, sai ya raba wa manyan mutanensa a wurin liyafa. Da haka ake riƙe mabiya a zamanin da babu albashi.

Bayan tsakiyar ƙarni na 6 kayan gabas suka ja baya. A 541 annoba ta ɓulla a Pelusiyam, a bakin kogin Nilu, ta isa Kustantiniyya a shekara mai bi, ta bi hanyoyin jiragen ruwa har yammacin Turai. Wasu masana na ganin ita ta karya cinikin, wasu na ganin buƙatun daular Rum ne suka sauya bayan yaƙe-yaƙen Sarki Justinian. Kasuwancin da ya maye gurbinsa daga yammacin Faransa yake zuwa, kuma tukwanensa, da suka cika wurare a Ayalan da Sikotlan, da ƙyar ake ganinsu a Tintagel. Kafin ƙarni na 7 ya ƙare garin ya zama kufai. Maƙabartar ce ba a bari ba. An ci gaba da kawo gawa hayin, har aka zo aka gina cocin da ke tsaye yau.

A daidai lokacin da ake aikin maƙabartar, wata tawaga daga Jami'ar Glasgow ƙarƙashin Christopher Morris ta koma kan tsibirin, ta yi shekarun 1990 tana bin sawun ramukan Radford. A 1998 suka ɗaga wani falalen dutse da aka rufe magudanar ruwa da shi, sai ga rubutu a jikinsa na ƙarni na 6, a ciki har da sunan wani mutum, Artognou. Jaridu suka yi caa, wai an gano Arthur. Masanan da suka tono dutsen sun yi ta bayani cewa sunan dabam ne, kamar yadda sunaye da yawa ke farawa da haruffa iri ɗaya ba tare da sun zama ɗaya ba, amma wa ya saurare su? A ganina an yi wa wannan dutse rashin adalci, domin abin da yake faɗa ya fi abin da aka so ya faɗa muhimmanci: shekara ɗari da wani abu bayan tafiyar Rumawa, akwai masu karatu da rubutu da Latin a wannan gari, kuma ba lallai malaman coci kaɗai ba.

A 2016 da 2017 Nowakowski ta sake dawowa, wannan karon a kan gangaren kudancin tsibirin, bisa gayyatar English Heritage, hukumar da ke kula da wurin. Aka tono gine-gine masu bango mai kaurin mita guda, da matakala, da daɓen falalen dutse. A juji aka sami ƙasusuwan alade da na shanu da na kifi, da ɓawon kawa, da gutsattsarin kofunan gilashi. Aka kuma sami wani dutse na ƙarni na 7 da wani ya yi ta gwada hannunsa a kai, da haruffan Latin da na Girka, da sunaye biyu, Tito da Budic, ɗaya na Rumawa ɗaya na 'yan ƙasa. Duk wannan ya ƙara tabbatar da abin da kaburburan suka nuna tun shekara ashirin da biyar kafin nan.

Hukumar da ke kula da kangon tana tsaka mai wuya, domin Arthur ne ke kawo masu sayen tikiti. A 2016 an kafa mutum-mutumin tagulla na wani sarki mai takobi a kan tsibirin, an kuma sassaƙa fuskar Merlin a jikin dutse a bakin ruwa, abin da ya fusata 'yan Cornwall da dama, suka ce an mayar da tarihinsu wasan yara. A 2019 an buɗe sabuwar gada da ta haɗa hayi da tsibirin a inda tsohon wuyan ya rufta. Ba laifi ba ne a nemi kuɗin gyara, tunda teku bai daina cin gaɓar ba. Amma in ana maganar abin da aka tabbatar, Arthur ba shi da ko tsingaro ɗaya a Tintagel, Richard kuma baƙo ne da ya zo daga baya ya yi gini a kan kufan wasu. Masu wurin na ainihi su ne waɗanda ke kwance a harabar cocin Materiana, kuma ɗan yanki kaɗan na wannan haraba aka taɓa buɗewa. Sauran tuddan suna nan ba a tona su ba.